Sandar Gazda Svetolik

Litinin, 5 ga Oktoba 1931
Ka taɓa jin ƙarfe na numfashi? Ni yau na ji.
Kwanana biyu da fara aiki a gidan wutar lantarki. Mai wurin, Gazda Svetolik, da ya tare kogi shekara talatin baya, ya kawo wa garin lantarki ana ce masa mahaukaci, ya rasu makon jiya. Ban taɓa ganinsa ba. Maistor Obrad, shugabanmu, ya miƙo min sandar marigayin: kai ɗaya a jikin injin, ɗayan a kunne. Wai haka ake gane lafiyarta. "Kai ɗan tumaki, ranar arba'in ɗinsa in kunnenka bai buɗe ba, sai ƙauye." Ba abinci a ƙauye.

Alhamis, 8 ga Oktoba
Kullum da safe ana ajiye wa Gazda kofin gahawa a taga, don kafin arba'in mamaci yana zaga wuraren da ya saba. Da azahar kofin ya bushe. Tihomir mai shafa giris ya ce, "Ni ka ke kallo? Ni ba na shan abu ba sukari."

Talata, 13 ga Oktoba
Gunji kawai nake ji.

Laraba, 21 ga Oktoba
Akwai wani abu ƙarƙashin gunjin. Tari biyu, shiru, sai ɗaya. Na kwaikwaya wa Maistor. Ya daina tauna burodi. "Wa ya koya maka?" Na ce babu. Ya karɓi sandar, ya daɗe, bai ji komai ba. Daga baya Tihomir ya ce haka tsohon yake tari, sak.

Juma'a, 6 ga Nuwamba
Arba'in. Duk sun tafi coci da dafaffiyar alkama, an kunna kowace fitila ta garin da rana tsaka don girmama shi. Ni kaɗai aka bari. Tarin ya ƙi tsayawa, har a haƙorana nake jinsa. Na ce da ƙarfi, "Gazda, me kake so?" Sai na ga hannuna a kan ƙofar ruwan da ke juya injin. Na rufe. Injin da ba ta taɓa tsayawa da rana ba ta tsaya.
Maistor ya iso a guje da baƙar kwat. "Jaki! Gaban matarsa ka kashe masa wuta!" Ya buɗe boris ɗin da ƙarfen injin ke juyawa a ciki, ya ƙone yatsa. A tsage yake. Ya zauna a ƙasa.

Lahadi, 15 ga Nuwamba
Maistor ya ce in zauna a aikin, har ya ba ni kwana uku in gano gida. Duk da rashi, Inna ta soya kabeji da nama. Amma shirun can, kamar an toshe min kai da ulu. Kwana ɗaya na yi na dawo, na ce musu ana nemana. Ba wanda ya neme ni.
Muryar injin ta ɗan sauya yanzun nan, daga nan nake ji, ba sanda. Bari in je.