Tsarkiyoyin da Ka Sassauta

Zuwa ga Baban Rabi,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma ba karatun wasiƙa kake yi ba, sai ka miƙo min ka ce in karanta, kai kana goge jitarka da tsohuwar singileti. To yau ni ce mai rubutun, ni ce mai karantawa.

Faifanmu ya fito. Ya fito bayan Babbar Salla, ban daɗe da fita takaba ba. Madam Lin, mai situdiyon nan da ta ji mu a sunan ɗan Alhaji Sani ta nace sai ta naɗe mu, ta cika alkawari. Hotona ne a bangon, kai kuwa hannunka kaɗai ya shigo ta gefe, da zoben azurfarka. Na yi mata faɗa, ta ce ai kai ka ƙi tsayawa a ɗauka. Na san gaskiya ta faɗa.

Baban Rabi, faifan ya karɓu fiye da yadda muka taɓa zato. Gidajen rediyon Turai suna sakawa, suna kirana tsohuwar gwanar salon kiɗan da suke kira bulus da rok. Rabi ta bugo daga Kano, ta ce masu adaidaita sahu sun ishi mutane da waƙarmu ta jirgin Nguru. 'Yan uwana da suka yi shekaru suna kirana 'yar otal yanzu kowa ya tuna lambata. A nan unguwarmu ta Xiaobei a Guangzhou, 'yan kasuwar da nake kai wa tuwo da miyar kuka a benen kasuwar Tianxiu sun koma tare ni a bakin lifta suna neman hoto, ga kula a hannuna, ga gumi. Ban daina tuwon ba. Na haura sittin, na ga isassun abubuwa sun taso sun kwanta, ba zan kife tukunyata saboda rediyo ba.

Sai aka gayyace mu wasa a wani babban zaure a Shanghai. A nan matsalar ta fara.

Madam Lin ta samo mai kaɗa jita, Alhassan, mutumin Kumasi, mai haɗa wa mutane kaya a kwantena. Ka san shi, shi ne yake tsayawa a baya in muna wasan suna, yana kallon yatsunka. Mutumin kirki ne, kuma ya iya. Na ba shi jitarka. Da muka buɗe akwatin muka tarar da tsarkiyoyin nan shida a sake, kamar yadda kake barin su duk ranar da ka gama kiɗa. Kullum cewa kake raɓar Guangzhou ce, wannan da ke sa bango ya yi ta zufa, in an bar su a ɗaure wuyan jita zai lanƙwashe. Ban taɓa musa maka ba, tunda ni ma na ga yadda takalma ke yin fumfuna a garin nan.

Alhassan ya zauna da faifan da wata 'yar na'urar awon sauti, ya ɗaure kowace tsarkiya daidai da yadda ta fito a faifai. Da ya kaɗa sai da na juya baya, don kai na ji sak. Amma da na buɗe baki, waƙar ta ƙi. Ina zuwa wurin da ake hawa sai maƙogwaro ya shaƙe, muryar ta tsage. Muka sake, muka sake. Na sha zuma da citta, na sha wani baƙin ruwan ganye mai ɗaci da matar kantin ƙasanmu ta rantse da shi. Na je neman alewar maƙogwaron da kake sayo min, duk kantin da na shiga sai a kaɗa min hannu a ce meyo, babu. Ba abin da ya sauya.

Madam Lin ba ta ɓoye min ba. Ta ce ko dai a saki faifan ni kuma in riƙa motsa baki, ko a soke wasan. Na ji tsoro, kuma na ji haushi ƙwarai. Shekara talatin da ɗoriya muna kiɗa a otal-otal na Sabon Gari, da Legas, da nan, mutane na cin nama suna hira a kanmu. Sai yanzu da aka zauna za a saurare ni muryar za ta gudu? Ni in tsaya gaban jama'a ina motsa baki kamar kifi?

Ana cikin haka Rabi ta turo min wani tsohon kaset ɗinmu da ta juya a waya, na zamanin da take goye. Na kunna ina tuƙa tuwo. Waƙar jirgin Nguru ce, amma can sama take, sama ƙwarai da ta faifai. Na gwada bin yarinyar nan da ke rerawa, ko kusa ban kai ba. Na ajiye muciya na zauna. In haka nake yi a da, yaushe na sauko? Ya aka yi ban taɓa jin ranar da na kasa ba?

Sai na tuna abin da kake yi kafin kowane wasa. Kana zaune jita a cinya, ka ce in ba ka murya. Ni kuma in yi maka ɗan amon nan na hanci, ko ina ɗaura kallabi ko ina wanke-wanke, kai kana murɗa kunnuwan jitar har babbar tsarkiya ta hau kan muryata, sannan ka jera sauran a kanta. Sau nawa na yi maka tsiya na ce rowa ce ta hana ka sayen na'ura irin ta kowa? Ashe ba raɓa kaɗai kake gudu ba. Kana sassauta su ne don kowace rana ka ɗaure su a kan muryar da na tashi da ita. Ina tsufa kana saukowa, kaɗan-kaɗan, kana kuma ce min muryata tana nan yadda ka same ta a Sabon Gari. Ƙarya ka yi ta yi min, Baban Rabi. Allah ya yafe maka, ni na yafe.

Tunda ka riƙe naka, bari in faɗa maka nawa. Ka tuna mutanen kamfanin nan na Legas da suka kira ni ni kaɗai, na dawo na ce maka sun ce muryata ta yi kauri? Ba haka suka ce ba. Sun so ni, amma da sharaɗin in ajiye ka su ba ni ƙwararrun makaɗa, wai jitarka kamar molo take kuka. Na ɗauki jakata na fito. Ban gaya maka ba don na san halinka, da cewa za ka yi in tafi. Akwai ranakun da na yi ta tunanin abin, musamman lokacin da muka fara sayar da tuwo, amma ban taɓa cewa da na sani ba. Yanzu ma na gane da na bi su, da tuni an sallame ni tun ranar da muryar ta fara sauka.

Washegarin ranar da na ji kaset ɗin na ce wa Alhassan ya mayar da na'urarsa aljihu, ya sassauta komai. Na ba shi murya, ya ɗaure a kanta. Ya ce mun sauka ƙasa da faifan, ba da yawa ba. Watannin kuka da shirun takaba ne suka ci wannan. Na yi waƙar jirgin Nguru daga farko har ƙarshe ba tare da na tsaya ba. Madam Lin ta cire abin sauraren da ke kunnenta ta fita waje, ta daɗe ba ta dawo ba. Da ta dawo ta ce ba sauran zancen motsa baki.

Gobe in Allah ya kai mu za mu hau jirgin ƙasa zuwa Shanghai. Na bar wa Hajiya Zinaru 'yar Damagaram tukunyar da masu cin tuwon, na ja mata kunne kan gishiri. Na je wurinka ranar Juma'a, ciyawa ta fito, na cire. Kewarka tana damuna, ba na ɓoyewa, musamman da hantsi in na ɗora ruwa ba wanda zai ce in ba shi murya.

Jitarka tana bakin ƙofa cikin akwatinta. Alhassan ya so ya bar ta a ɗaure tunda mun samu daidai, kada mu sake wahala. Na hana shi. Da hannuna na sassauta su, duka shidan. In mun isa zan ba shi muryar da na tashi da ita.

Allah ya kai haske kabarinka, ya sada mu da alheri.

Matarka,
Maman Rabi, wadda muryarta ta tsufa ba ta sani ba