Takardar da Na Rufe a Kwanon Jere

Zuwa ga Yayana Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da ruwan Fatakwal. Mu nan Gusau sai godiya, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Yaya, na ci amanar riƙon 'yarka Saratu. Kwanakin baya malamar wasanninsu ta kawo takarda, ana kiran Saratu Kaduna gwajin 'yan matan da za su buga wa Nijeriya ƙwallo da wasu ƙasashe. Na tuna bakin danginmu na Rawayya, masu cewa na bar budurwa tana tsalle a fili. Sai na jefa takardar cikin kwanon jerena, na rufe.

Jiya tana wanke mini jeren ta gan ta, ranar gwajin kuwa ta wuce. Ba ta yi kuka ba. Ta ninke, ta mayar, ta ce, "Gwaggo, na gama wankin." Yau ma ta durƙusa ta gaishe ni. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ka rubuto mata, ka sa ni a addu'a, ka gaida Hajiya da yara. Takalman ƙwallonta ta kyautar. Na karɓo su, amma na rasa bakin miƙa mata.

Ƙanwarka,
Rabi