Azumin Bature

Asabar, 4 ga Oktoba
Saif ya koma wurin aiki a Yanbu, ya bar mini kifi. Ɗan ja mai ruwan zinare, a kwanon gilashi, jelarsa kamar mayafin amarya. A littattafan da nake karantawa fure ake ba mace, amma ni wannan ya fi mini. Na sa masa suna Yarima. Mai shagon ya ja wa Saif kunne: abinci ɗan tsunkule sau ɗaya a rana, kada a ƙara. Ɗakina rana na dukansa, sai na ajiye kwanon a falo inda mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ke wuni a kunne.
Hajja Ƙaltume, surukata, ta leƙa ta ce, "Mutum ya taso daga bakin teku, abin da ya samo ke nan? Ko miya ba zai ji ba." Ita Bature take ce masa, wai ja ne kuma ba ya cin tuwo. Sunansa Yarima.

Talata, 7 ga Oktoba
Ruwan ya yi fari kamar an wanke shinkafa. Na sauya. A ƙasan kwanon na ga ƙwayar shinkafa. Ni dai ban zuba ba.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Yau ɓarɓashin tamis, gurasar da muke karyawa da ita. Na tsare Munirat, ƙanwar Saif. Da Larabci ta amsa mini kamar kullum, wallahi ba ita ba, in tambayi Hajja.
Na tambaya. Ko musu ba ta yi ba. "Baƙo a Madina, ki riƙa ba shi abin da bai kai kwalli ba? Ubana ya ciyar da alhazai a gidan nan har ya rasu. Dubi yadda yake buɗe baki, roƙo yake." Na ce haka kifi yake numfashi, Hajja. Ta ce, "Tayyib, malama."
Komai na gidan nan nata ne, tukwane, labule, har lokacin da ake ɗora shayi. Tun da na zo daga Kano ban taɓa cewa a'a ba. A kan wannan kam na ce.

Juma'a, 10 ga Oktoba
Saif ya zo hutun ƙarshen mako, ya yi dariya, wai in bar tsohuwa ta samu lada. A littafi da miji ya tashi tsaye ya kare matarsa. Nawa kankana yake sha.
Hajja ta kawo shawara: a kai shi Badar, gonar dabinon ƙaninta Abdallah. Akwai tafkin ban ruwa cike da karfasa, wai can zai zama kifi na gaske. Cikin waɗannan ƙattin! Ba inda za shi.

Lahadi, 12 ga Oktoba
Na ɗauke kwanon na kai ɗakina, na kulle. Ban fita cin rana ba. Na gama littafi guda, na fara wani.

Talata, 14 ga Oktoba
Gidan shiru. Da can ina jin muryar Hajja a falo da hantsi, ina zaton waya take yi. Munirat ta ce da kifin take hira, da Hausa, har labarin kakanta da ya zo a ƙasa ta Sudan take ba shi. Wai shi ba ya mayar mata da Larabci.
Ba ruwana.

Laraba, 15 ga Oktoba
Yarima ya kwanta a gefe ɗaya a saman ruwa, ciki ya kumbura. Yana ƙoƙarin nutsewa yana dawowa. Na kira mai shagon. Ya ce cin da ya wuce kima ne, ga kuma zafin ɗaki. A mayar da shi wuri mai sanyi, kada a ba shi komai na 'yan kwanaki. Ko ya tashi ko bai tashi ba.
Wuri mai sanyi ɗaya ne a gidan nan. Na ɗauko kwanon na dire a gaban Hajja, ban ko yi sallama yadda ya kamata ba. Na ce ga aikin tamis. In aka ƙara masa ko ƙwaya ɗaya zai mutu, kuma ba zan manta ba. Ban taɓa yi mata magana haka ba.
Ta daɗe tana kallonsa. Ta ce ita ba za a kashe rai da yunwa a gabanta ba. Na ce to ki ɗauka azumi yake yi. Da gatse na faɗa.
Ta ce, "In azumi ne, halas."

Alhamis, 16 ga Oktoba
Hajja ba ta karya ba. Ta ce dama Alhamis ce, kuma ba ta iya tauna abu Bature na kallonta. Ta ja kujera kusa da shi, ta kori jikokinta da biskit ɗinsu. Na zauna nesa da littafina don in tsare. Shafi ɗaya na wuni a kai, saboda kakan nata ya makale a Sawakin, bakin tekun Sudan, ba jirgi, kuma sai da na tambaya sannan ta ci gaba.

Asabar, 18 ga Oktoba
Ya miƙe kaɗan. Saif da ya zo hutu ya ce in ya mutu zai sayo wani. Ni da Hajja muka harare shi tare.

Litinin, 20 ga Oktoba
Ya nutse har ƙasa, ya zagaya, jela a buɗe. Mai shagon ya ce a ba shi kaɗan. Hajja na azumin Litinin, ta ce a jira magariba. Da aka kira salla ta ɗauki dabino da hagu, ta miƙo mini dama. Na zuba mata ɗan tsunkule a tafi. Ta kalla, ta kalle ni, ta ce, "Allah ya shirye ki, Nadiya, marowaciya." Amma ta zuba masa hakan, ba ta nemi ƙari ba.
Gwangwanin abincin yana wurina, kuma a wurina zai zauna. Kwanon dai na bar shi a falo, don sanyi kawai. Badar kuwa babu ita.
Gobe da hantsi, a labarin Hajja, kakanta zai shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Dole in fito da wuri, dama ruwan Bature yana son sauyi.