Ruwan Gishiri Ranar Azumi

Assalamu alaikum Yaya Rafik,

Ya jikin mahaifiyarmu Amma? Ya yankan rake a can gida Labasa? Ni lafiya lau. Bayana kan yi ciwo saboda ɗaga tsofaffin da muke jinya, amma kada ka faɗa mata.

Tambaya gare ni, tunda kai ne malaminmu. Ranar Litinin ina ramuwar azumi, sai Mereoni, abokiyar aikina, ta ja ni yawon jirgin ruwa a teku. Ta ce, "Anti, wata takwas a garin nan na Cairns ba ki san komai ba sai bango! Shiga ruwan da hijabinki, kifi ba ya gulma."

Na sa gilashin ninƙaya, na kama bututun numfashi da baki, na leƙa ƙarƙashin ruwa. Yaya, lambu ne guda! Kifaye shuɗɗa da rawaya, ga kunkurun ruwa yana tafe a natse kamar liman. Ban san sanda na ce "Subhanallah" ba, sai ruwan gishiri har ciki. Na ɗago ina tari, Mereoni na ƙyaƙyatawa, ni ma na kama. Rabona da irin wannan dariya tun ina gida.

To, azumin ya karye? In ya karye zan rama da farin ciki. Asabar zan koma, amma wannan karon a zuci zan yi tasbihin.

Allah ya ƙara wa Amma lafiya.

Ƙanwarka,
Hafizan