Dariyar Da Masu Zane Suka Ƙi Gogewa

Zuwa ga Ketaki, sanyin idona, ruwan farkon damina a kan rufin ɗakina, mangwaron Ratnagiri da ba a samun irinsa a kasuwa.

Ajiye kwandon da ke hannunki ki zauna, don labarin nan ba na tsaye ba ne. Mun yi nasara, Ketaki!

Kin tuna ranar da na ja ki ɗakin ɗaukar murya na Andheri, ana tsuga ruwa, don ki rera waƙar da na rubuta wa 'yar akuyar nan ta fim ɗinmu na zane, mai son ganin teku? Riƙon ƙwarya ne kawai, kamar yadda aka saba: a ɗauki muryar wanda ya samu, masu zane su bi ta suna motsa bakin hoton, daga baya babbar mawaƙiya ta zo ta rera ta gaske. Kina tsakiyar baiti na ɗaga hannu zan nuna miki inda za ki hau, sai na kifar da shayi a wandona. Dariya ta kufce miki, gajeriya, kika haɗiye ta kika ci gaba. Na so a sake, mai injin ya ce, "Bar shi, ɗan'uwa, ai gogewa za a yi."

Na ga yadda maganar nan ta shige ki. Shekara nawa kina share hanya wasu suna wucewa? Ranar da na raka ki tashar jirgin ƙasa ta Dadar kika ce kin bar waƙa, gara gonar mangwaron mahaifinki a Ratnagiri, ko ba komai a can wanda ya shuka shi ke girba. Jirgi ya tafi da ke, ya bar ni da alƙalamin da ya ƙi rubutu. Na yi kewarki har shayin Mumbai ya zame mini ruwan zafi.

To, masu zane ba su san cewa kuskure ne ba. Suka zana dariyar taki: akuyar ta zame a kan dutse, kunnuwanta suka karkaɗa, ta yi wa kanta dariya ta miƙe. Wata da watanni suna kan wurin nan. Da babbar mawaƙiyar ta zo, da tabarau da 'yan rakiya, ta rera tsaf, amma dariyar ta ƙi. Ta yi, ta sake, ta kuma, sai ka ce mai tari a layin asibiti. Aka ce a goge wurin, masu zane suka ce sai dai a goge su. Sai shugabar fim ɗin, Madam Pereira, wadda yabo ke yi wa wuyar fita kamar haƙori, ta juyo gare ni ta ce, "Akuyar nan ta riga ta san mai ita. Ninad, ina ka kai yarinyar?"

Muryarki za a saki, tauraruwata. Sunanki zai hau allo, yara su fito daga silima suna kwaikwayon dariyarki. Wa zai ƙara ce miki riƙon ƙwarya?

Ki dawo, Ketaki. Bar mangwaro ya nuna da kansa. An ba ni waƙar fim na gaba, na rubuta ta kaf, amma na bar gurbi a tsakiyar baiti. Sun tambaye ni me zai shiga wurin, na ce mai shi tana hanya. Kada ki bari in yi ƙarya.

Naki, mai zubar da shayi, wanda ba zai rubuta wa wata murya ba muddin yana numfashi,

Ninad