Fom Ɗin Madam Margaret

Gwagwalada,
18 ga Nuwamba, 1991

Zuwa ga Yayana Yamusa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, da Mama, da Anti Catherine da yara. Yaya haƙar doya? Ni ma lafiya ƙalau, sai karatu.

Yaya, akwai fom a cikin ambulan ɗin nan, ina so ka sa mini hannu tunda kai ne a madadin Baba. Ranar Talata wata mata ta zo ajinmu na 'yan shekarar ƙarshe a makarantar ungozoma, sunanta Madam Margaret. Nas ce, 'yar Filato, ta daɗe a Legas. Ƙungiyar da take wa aiki za ta buɗe gidan jinya a Garki don masu taɓin hankali da waɗanda ƙwaya ta kama. Ta ce gwamnati na tasowa Abuja da mutanenta duka, lafiyayyu da marasa lafiya, amma kowa zancen ofis da gidaje yake yi, ba mai tambayar wa zai kula da waɗannan. Ɗalibai suke nema, a horar da su shekara guda, sannan aiki.

'Yan aji suka yi ta dariya. Wani ya ce, "Madam, sarƙa za a ba mu ko bulala?" Ba ta yi fushi ba. Ta ce, "Kujera za mu ba ka, ka zauna ka saurari mutum. Shi ya fi wuya."

Mu uku kacal muka karɓi fom, ni da Lucy da Justice. Da na rubuta sunana da garinmu Karu, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta tambaye ni ko ina da yayye maza. Na ce biyu, kai da Yaya Silas mai tuƙi a ma'aikata a Legas. Ta ce madalla.

Shi Yaya Silas ya aiko da ranar tasowarsu? Wata biyar ke nan ban ga wasiƙarsa ba.

A gaishe mini da kowa.

Ƙanwarka,
Hansatu

Karu,
27 ga Nuwamba, 1991

Hansatu,

Bayan gaisuwa. Mama lafiya, sai ƙafar nan tata. Doya ta yi, mun gode Allah.

Na ga fom. Ban sa hannu ba. Kina 'yar ƙarama lokacin da aka zo mana da takarda a kan gonarmu ta wajen Garki. Su ma da murmushi suka zo, su ma cewa suka yi don amfaninmu ne. Yau ofis ne zaune a inda Baba yake noma. Tun da aka ce gwamnati za ta taso, duk wanda ya sauko daga motar Legas da jaka ya zama mai taimako.

Mun tura ki ne ki koyi karɓar haihuwa, matanmu su daina mutuwa a hanyar asibiti. Yanzu ki ce mini mahaukata da 'yan ƙwaya? In ɗaya ya shaƙe ki, wa zan kama?

Ban tsaya zargi daga zaune ba. Ranar Litinin na hau mota na bi adireshin da ke jikin fom har unguwar Area 8 a Garki. Gida ne ba allo, ba suna, tagogi duk ƙarfe. Maigadi ya ce shi bai san wata ƙungiya ba, ƙofa aka ce ya tsare. Wane irin asibiti ne ke ɓoye sunansa?

Sannan me ya haɗa fom da yayyenki maza? Ta tambayi sauran biyun haka?

Maganar Silas. Motocin ma'aikatarsu sun fara isowa da kabad-kabad da kwalaye. Na ga Leonard, wanda suke ɗaki ɗaya a Legas, a tashar Nyanya. Na kira shi, ya waiwayo, ya gan ni sarai, ya faɗa bas. Ban gaya wa Mama ba. Kullum sai ta share ɗakinsa.

Ki riƙe karatunki. Kada ki bi matar nan ko'ina.

Yayanki,
Yamusa

Gwagwalada,
9 ga Disamba, 1991

Yaya Yamusa,

Ina gaisuwa. Allah ya ba Mama sauƙi.

Ka yi haƙuri, wasiƙarka ta iske ni bayan mun riga mun je gidan jinyar. A motar makaranta muka tafi, mu ukun da malamarmu. Na ga cikin gidan. Gadaje goma sha biyu ne, ko ledarsu ba a cire ba, da wani ɗaki da aka jera kujeru a zagaye. Allon yana nan a jingine a bayan ƙofa. Maƙwabta ne, manyan ma'aikata, suka ce in aka kafa shi sai sun kai ƙara, ba za su zauna kusa da mahaukata ba. Ƙarfen taga kuwa, kowane gida a layin yana da shi. Da murnata na fito, ina shirin rubuto maka duk abin da na gani.

Muna shiga mota ashe na bar jakata a cikin gidan. Sai Madam ta biyo ni da ita tana cewa, "Hansi, jakarki!"

Yaya, wa ke ce mini Hansi duk duniya in ba Yaya Silas ba? Ba ya cikin fom, ba wanda ya san shi a makaranta. Na ce, "Madam, a ina kika ji sunan nan?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Bakina ne ya suɓuce. Kada ki tambaye ni, ba ni da izinin faɗa."

Na tambayi Lucy da Justice. Ba wanda ta yi wa zancen yayye.

Tun ranar ba na gane karatu. Ko dai ta san inda yake, ko ta san abin da ya same shi. Yanzu ban ma sani ba, ɗalibai ta zo nema ajinmu ko ni. Abin haushin, har yanzu ina son aikin.

Ƙanwarka,
Hansatu

Karu,
13 ga Disamba, 1991

Zuwa ga Madam Margaret,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace. Ni ne Yamusa, wan Hansatu wadda kika ba fom, kuma wan Silas.

Ban san ki ba, amma ke kin san sunan da ake kiran ƙanwata a cikin ɗakin uwarmu. Tambayata biyu ce. Ina ƙanena? Me kike nema da ƙanwata?

Ni manomi ne, amma ba makaho ba ne. Jiya shugaban ƙasa ya tare a Abuja, gari cike yake da 'yan sanda, ba zan sha wahalar samun wanda zan kai wa ƙara ba. Na ba ki mako guda.

Wassalam,
Yamusa

Garki,
17 ga Disamba, 1991

Malam Yamusa,

Gaisuwa da girmamawa. Na karɓi wasiƙarka, kuma ban ga laifinka ba.

Tambayarka ta biyu zan fara amsawa. Makarantu huɗu na zaga, na yi wa ɗalibai fiye da ɗari magana, tara suka karɓi fom. Ban san akwai Hansatu a ajin ba sai da ta rubuta sunanta. Kafin nan na riga na lura da ita, don ita kaɗai ta tambaye ni ko mutanen nan suna komawa gida. Irinta nake nema.

Ta farkon kuwa, ba zan amsa ba ko da ka zo da 'yan sanda. Duk wanda ya ba ni sirrinsa, nasa ne, shi zai buɗe. Wannan ne abu na farko da zan koya wa ƙanwarka in ta zo, kuma ni da kaina na yi tuntuɓe a kansa ranar da na kira sunan nan. Laifina ne. Abin da na iya yi shi ne na aika wasiƙarka inda za a iya amsa ta.

Muna rufe karɓar fom ƙarshen Janairu. In ba ka yarda ba, ba zan sake tuntuɓarta ba.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Margaret

Legas,
27 ga Disamba, 1991

Yaya,

Ina gaishe ka, kaina a ƙasa. Ina da rai. Ni na roƙi Leonard ya yi shiru, kada ka riƙe shi.

Tun bara ake aika ni Abuja sau biyu a mako da kayan ofis. Na fara shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke ni a kan sitiyari. Daga ɗaya na kai shida. A watan Yuni na kifar da mota kusa da Lokoja, aka sallame ni. Abin da ya biyo baya ba zan iya rubutawa ba. Leonard ne ya tsinto ni ya kai ni gidan jinyar su Madam a nan Legas, kuma har yanzu ina ciki. Kullum zancen Hansi nake mata, shi ya sa ta san sunan.

Wata huɗu ke nan ban haɗiyi ƙwaya ba. Ban ce na warke ba. Ba wanda ya ɗaure ni, ni ne na kasa haɗa ido da ku.

In ka ga Mama za ta iya ɗauka, ka gaya mata.

Ƙanenka,
Silas

Karu,
3 ga Janairu, 1992

Hansatu,

Bayan gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta takardar Silas da ke cikin ambulan ɗin nan.

Na gaya wa Mama. Ta yi kuka, sannan ta tambaya ko yana cin abinci. Gobe zan hau motar Legas da doya da yajin da ta daka masa.

Maganar fom, sai na ga yadda suka riƙe shi da idona. In na same shi a ɗaure, ki manta. In na same shi yadda ya faɗa, ki nemo biro.

Yayanki,
Yamusa