Hayaƙin Taya a Maje

Bagama, Suleja

Yaya Sailuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Inna da maigidanki da yara. Na ba Sabo direba takardar nan ne don in na kira waya Inna na gefenki, ba na son ta ji.

Maganar Ghali ce. Kin san ina ɗaukar wa Oga Eugene kaya, mai shirya fim. Fim ɗin yaƙi muka yi a Maje, cikin kangwayen gidajen da ake ginawa a gonakin mutane. Ba rufi ba taga, sai ki ce bam ne ya faɗa. Ghali ya sauke fasinja a wurin da babur ɗinsa, Oga ya ce fuskarsa ta yi. Aka sa masa kaki, aka miƙa masa bindigar katako.

Yanzu tallar fim ɗin ta shiga kowace waya a Suleja. Ina zaune a bayan Oga lokacin da ya haɗa ta. Mai kyamara kwanciya ya yi ya ɗauko Ghali daga ƙasa, sai ga ƙanenmu da bai kai kafaɗata ba ya zama ƙato. Aka rage saurin hoton, yana gudu kamar a cikin ruwa, rana a bayansa. Hayaƙin da ya keto na tsohuwar taya ne, ni na ƙona ta. Abokan gaba kuwa inuwarsu kawai ake nunawa. Na tambayi Oga dalili, ya ce, "Taufiq, in ka ga fuskar mutum, ba za ka so ya mutu ba."

A majalisa yanzu Kwamanda ake ce masa. Ya je ya nemi shiga soja na gaske. Ki yi masa magana, yana jin taki.

Ƙanenki,
Taufiq

*

Funtuwa

Taufiq,

Wa alaikumus salam. Duk muna lafiya, Inna ce dai ƙafar ke damunta.

Kai ma dai da tsoro! Ghalin da ke hawa gado in ya ga ɓera, shi ne soja? Na kira shi, dariya ya yi ta yi, wai in daina ce masa Ghali ɗan Inna. Ni ban ga tallar taku ba, wayata ba ta nuna hoto, kuma ba na marmari. Ka ƙyale shi, kwana nawa ne zai manta. Ka aiko wa Inna man zafin nan.

Yayarka ba ta hana ka barci ba, kada wasan kwaikwayo ya hana ka.

Sailuba

*

Bagama, Suleja

Yaya Sailuba,

Bayan gaisuwa mai yawa. An ɗauke shi. Ya tafi horo ranar Asabar, ya bar mini makullin babur.

Na zaunar da shi kafin ya tafi. Na nuna masa tallar a hankali, ina tsayar da ita. Na ce, "Ka ga nan? A fim ɗin daga nan aka harbe ka, ka faɗi cikin kwata. An yanke ne kafin faɗuwar. Kiɗan nan da ke ɗaga maka zuciya a kwamfuta aka ɗora shi, ranar ba abin da ake ji sai janareta."

Ya ce, "Na sani, Yaya, ai ina wurin."

Na ce, "To me ya rage?"

Ya ce, "Ban taɓa ganin kaina haka ba. A kan titi kowa 'kai mai mashin' yake ce mini. Ina so in ga ko ni ne."

Yaya, na iya nuna masa inda aka yanke da inda aka ƙara. Wannan ban san me zan nuna masa ba. Ki lallaɓa Inna.

Ƙanenki,
Taufiq

*

Funtuwa

Ƙanena Taufiq,

Salama da fatan alheri. Ka yafe mini dariyar da na yi maka bara.

Kamar yadda ka sani, tun da aka tura su daji bayan Babbar Salla ba mu ji muryarsa ba. Inna ta daina cin abinci, sai ruwa. Shekaranjiya Azumi maƙwabciyarmu ta shigo da gudu, ko mayafi babu, tana cewa, "Inna, ga ɗanki!" Wani ɗan guntun bidiyo ne aka turo wa ɗanta, ba rubutu ba komai, an ce sojojinmu ne a bakin daga cikin makon nan. Wallahi Ghali ne, yana gudu cikin hayaƙi da ƙafafunsa biyu. Inna ta yi sujada. Ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Cewa take yi, "Ku duba yadda ya yi tsawo."

Ɗan Azumi ya tura maka. Taufiq, hasken ranar nan a bayansa ne ya tsaya mini a rai. Don Allah ka duba ka gaya mini gaskiya, na wannan makon ne?

Yayarka,
Sailuba

*

Bagama, Suleja

Yaya,

Na duba. Ki kalli bayan kafaɗarsa ta hagu, akwai baƙin tankin ruwa a kan bulo. Maje ce, kangon da muka yi fim ɗin. Gidan ma yanzu an rufa shi an yi fenti, wani ma'aikacin Abuja ya tare da iyalinsa.

Lambar Ghali har yau a kashe take. Adewale, wanda suka yi horo tare, shi ma tasa ba ta shiga.

Ki yaga takardar nan. In Inna ta tambayi me na ce, ki ce mata na gani, na ce shi ne.

Allah ya sa mu ji alheri.

Taufiq